Rawanin Wuyan Baturen Ulu

Kowane gari da abin da Allah ya ba shi. Funtua tana da jirgin ƙasa da injin gurzar auduga. Malumfashi tana da kasuwa. Kafur tana da dawa. Mu kuwa a Unguwar Mati muna da Malam Sulemanu, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka mu ne muka fi kowa sa'a.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kuku a gidan wani Baturen auduga a Funtua. Matar Baturen, da zaman kaɗaici ya ishe ta, sai ta koya masa saƙa da tsinke biyu. Bayan samun mulkin kai da shekara biyu suka tattara suka koma ƙasarsu. Ta bar masa kujera mai naɗewa, da tsinken saƙa huɗu, da jaka cike da ragowar ulu, da wani littafin saƙa mai hotuna wanda bangonsa ya cire. Ya sauko daga motar kasuwa yana rungume da jakar nan kamar jariri ranar suna.

A zamanin an saba da Baturen gona da Baturen makaranta da Baturen shanu, ga shi duk sun tafi ko suna ɗaure kaya. Mutanen gari suka ga bai dace a zauna haka babu Bature ba, sai suka naɗa shi Baturen Ulu. Da sunan ya kai kunnensa bai ji haushi ba. Cewa ya yi daman ya san gari zai gane, bai dai zaci za a gane da wuri haka ba.

Malam Sulemanu bai taɓa zuwa Ingila ba, amma ya san ta fiye da waɗanda aka haifa a can. Ya san yadda suke riƙe cokali, ya san yadda suke tari. In ka gaishe shi da safe sai ya duba agogonsa kafin ya amsa, don ya tabbatar safiyar ce. Mutum ne mai tausayi ƙwarai: duk wanda ya gani yana wani aiki, sai ya tsaya ya gaya masa yadda ake yi.

To, tun kafin ya dawo, matan garin suna da wata al'ada. Daga an gama girbi har zuwa saukar ruwa, ranar Alhamis ta farkon wata, sukan shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar da ke bayan majami'a su yi musaya. Kowace ta zo da ɗan abin da hannunta ya yi: safar jariri, hular yaro, faifai, mafici, ludayi mai zane. Matan Musulmi maƙwabta da ke kulle sukan aiko da nasu ta hannun Hansai mai daddawa, wadda babu gidan da ba ta shiga. Ba a kawo kuɗi wurin. Ban gishiri in ba ka manda ne kawai.

Yadda ake yi kuwa shi ne, in wani abu ya ba ki sha'awa sai ki ajiye naki a gefensa ki ce, "Ga ɗan abin banzana, in ba a raina ba." Mai shi ta ce, "Haba, ai nawa ne na banza, dubi yadda bakinsa ya karkace." Kowace ta kushe nata ta yabi na 'yar'uwarta, har su gaji, sannan kowa ta ɗauki na wata. Abin kunya ɗaya ne a wurin: ki ajiye naki a gefen abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan ba musaya ba ce, roƙo ne, kuma babu macen da za ta yarda a ce ta zo gindin ɗorawa roƙo.

Shekara da shekaru ana haka babu shugaba babu rigima. Wannan rashin tsari shi ya hana Malam Sulemanu sakat. Wata Alhamis sai ga shi da kujera a hammata. Ya buɗe ta a inda inuwa ta fi kauri, ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Iyayena da ƙannena," in ji shi, "na zo ne ba don kaina ba. Ni na ga duniya. Ƙasa ta ci gaba, saƙa tana baya. A Ingila ko kare ba ya yin haushi sai da sakatare. Ku kuwa ga ku nan kuna ta musaya kamar a daji, babu shugaba, babu littafi, babu ƙa'ida. Na yi shawara da kaina, mun kuwa yarda in karɓi wannan nauyi."

Matta, matar mai bishara, wadda ita ce babba a wurin, ta dubi sauran mata, suka dube ta. Inuwa ba ta kowa ba ce. Uwarsa kuma, kafin ta rasu, tana cikin waɗanda suka fara shimfiɗa tabarmar nan. Ban da haka, a faɗi gaskiya, ya iya juya dundunniyar safa, abin da ya daɗe yana ba su wuya, ya kuma koya musu. Sai Matta ta ce to madalla, Allah ya taya riƙo. Hannuwa suka ci gaba da saƙa, baki ya ci gaba da jawabi. Rahab, ɗaya daga cikin matan, ta ce daman sun daɗe suna sha'awar rediyo.

Da wata ya zagayo ya kawo littafin rubutu mai ɗauke da dokoki tara. Ya damƙa wa Rahab, don ta yi aji huɗu, ya ce ita ce sakatare. Yawancin dokokin a kan yadda za a gaishe da shugaba ne. Ta bakwai ce mai haƙora: duk wanda kayansa ya koma gida sau uku a jere babu wanda ya karɓa, to ya bar gindin ɗorawa, ko wane ne.

Ya karanta "ko wane ne" ɗin sau biyu, yana duban Iya Kulu.

Iya Kulu tsohuwa ce da idonta ya fara rauni. Ba ta da ulu, ba ta da tsinken kanti. Da wayar ƙafar keke take saƙa, wadda jikanta ya wasa mata a kan dutse, zarenta kuwa abawa ce da take kaɗawa da kanta. Hulunanta babu wadda ta taɓa fitowa daidai. Wata ta yi tsini, wata ta yi kunne. Malam Sulemanu ya sha faɗa cewa irin wannan aiki shi ke ja wa gari raini, in wani babba ya zo daga Kaduna ya gani. Babu dai wani babba da ya taɓa zuwa daga Kaduna, amma shiri ba ya ɓaci.

Iya Kulu ta saurari dokar, ta gyaɗa kai, ta ce doka ce mai kyau.

A musaya ta gaba shugaba ya kawo aikin hannunsa na farko. Wani dogon abu ne mai ratsin ja da kore da ruwan ɗorawa, kamu huɗu. Ya faɗi sunansa da Turanci, babu wanda ya riƙe. Ya ce a wuya ake naɗa shi, sai mata suka sa masa rawanin wuya. Bai ajiye shi a tabarma kamar kowa ba, sai da ya shimfiɗa masa farin ƙyalle.

"Ku duba da ido, ban da hannu," in ji shi. "Wannan ulun daga jikin tumakin Ingila ya fito, tumakin da ko ƙaya ba su taɓa takawa ba. Launin nan uku ba haɗa su ake yi da ka ba, sai wanda ya yi ilmin launi. Jan nan yana magana da koren nan. Ku ba za ku ji ba, ni ina ji. Daga nan har Zariya, in an sami mai irinsa, a karɓi kujerata."

Mata suka duba da ido, ban da hannu. Suka yaba ƙwarai. Yunis matar Luke kafinta, wadda ta zo da safar jariri, ta ɓoye ta a bayanta don kunya. Wa zai ajiye safa a gefen tumakin Ingila? Aka yi ta musaya a ɗaya gefen tabarmar, ana kushewa ana yabo. Hular Iya Kulu mai kunne ita aka fara ɗauka, don iyaye sun san halinta: a wanke ta da sabulun salo, a buga ta a kan dutse, yaro ya ja ta a ƙasa, tana nan yadda take. Mummuna ce tun farko, ba ta da abin da za ta rasa.

Rana ta yi sanyi, tabarma ta koma wofi, sai rawanin wuya shi kaɗai a kan farin ƙyallensa. Malam Sulemanu ya naɗe abinsa yana murmushi. A hanya ya gaya wa Luke cewa matan garin nan ashe suna da hankali, sun san abin da ya fi su.

Rahab ta buɗe littafi ta ja layi ɗaya.

Mai hankali da ya ga haka sai ya rage baki. Malam Sulemanu ƙara tsawo ya yi. Ya zauna wata guda a ƙofar gida inda masu wucewa za su gan shi, tsinke na ƙas-ƙas, har rawani ya kai kamu shida, ya yi masa tuntu a kowane baki. A lokacin sanyi ya riga ya wuce, zafi ya fara shigowa. Duk da haka ya zo musaya ta biyu da abin a wuyansa, naɗi uku, don a ga yadda manya suke yi. Ya yi jawabi a kan tarihin tunkiya. Gumi ya bi ta bayan kunnensa ya shige cikin ilmin launi. Hansai ta ba shi aron mafici daga cikin kayan musaya, ya karɓa bai daina magana ba.

Wannan karon yabon ya fi na farko. Matta ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin abu mai tsawo haka ba sai igiyar guga. Babu wadda ta ajiye komai a gefensa.

Da za a tashi Rahab ta gyara murya. Ta ce ita dai aikin da aka sa ta take yi. Ta karanta doka ta bakwai daga farko har "ko wane ne", sannan ta ce layin shugaba ya zama biyu.

Malam Sulemanu ya yi dariya irin ta manya. Ya ce doka ana yin ta ne don gyaran na ƙasa. Rahab ta juya takardar ta duba bayanta, ta ce ba ta ga inda aka rubuta haka ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya naɗe kujerarsa ya tafi, ranar bai tsaya gyara wa kowa aiki a hanya ba.

Matarsa Mairamu mace ce mai shiru, ta shekara ashirin tana sauraro. Da a ce 'yan gida ɗaya suna musaya da juna da ta fitar da shi kunya, amma ba a yi. Ta ajiye masa tuwo ta zauna.

"Malam, abin fa ba wuya. Ka ajiye shi a tabarma ka ce ɗan abin banza ne. Shi ke nan. Yunis tana so, don tsohonta mai tari."

"In ce me?"

"Abin banza."

"Mairamu, ki ji tsoron Allah. Ƙarya kike so in yi a bayan majami'a?"

Ta ce ai kowa haka yake faɗa, babu kuma wanda ya taɓa ɗauka da gaske. Ya ce to shi abin da yake tsoro ke nan, kada a fara a kansa.

Duk da haka ya gwada. Manu, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasu, ya ce ya same shi ana sharar gona yana tsaye gaban tarin karan dawa, hannu a ƙirji, yana cewa, "Ga ɗan abin banzana." Sai ya ƙara da, "wanda ko matar Razdan ba ta da irinsa." Ya sake daga farko. Ya kai banza lafiya, sai bakin ya zarce kamar keke marar birki a gangare. Manu ya ce har ya gama ƙona tasa gonar bai ji an tsaya a inda ya kamata ko sau ɗaya ba.

Da hakan ta ƙi, sai ya bi gida-gida. Ya je wurin Luke ya ce ya ji labarin tarin surukinsa, kuma shi mutum ne mai sauƙin kai, ko da safa aka ajiye a gefen kayansa ba zai duba bambancin sama da ƙasa ba. Luke ya kai saƙo cikin gida daidai yadda aka faɗa. Yunis ta aiko da godiya, ta ce a gaya wa shugaba ƙasa ta san matsayinta.

Alhamis ta uku ta zo. Matan da suka shekara ba su zo ba ranar sun zo. Maza ma sai ga su da uzurori, wannan yana neman akuyarsa, wancan ya zo duba ko ɗorawa ta nuna. Malam Sulemanu ya buɗe kujerarsa ya shafa ta kafin ya zauna. Ya ajiye rawanin wuya a kan tabarma, babu farin ƙyalle, abin da ya sa Mairamu ta fara sa rai. Ya miƙe.

"Jama'a, ga ɗan abin banzana."

Tsinke ya tsaya a hannun kowa. Yunis har ta fara fito da safarta.

"In aka gwada shi da wanda zan saƙa baɗi. Amma in da na bana za a gwada, to, gaskiya ɗaya ce, ba na son in ɓata wa kowa rai."

Safa ta koma inda ta fito. Mairamu ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ƙirga layin saƙarta. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, amma ba su faɗi kamu nawa ba.

Aka yi musaya. Faifai ya tafi, ludayi ya tafi, kayan da Hansai ta kawo duk suka sami shiga. Malam Sulemanu ya duba agogo, ya duba sama, ya gyara zaman ƙafa. Rahab ta buɗe littafi ta lasa bakin fensir. Ba ta yi sauri ba, don ba muguwa ba ce, amma layi uku ba ya ɗaukar lokaci.

Sai Iya Kulu ta dafa ƙasa ta tashi. Tun da aka fara ba ta fito da nata ba, an tambaye ta ta ce tana zuwa. Ta tako a hankali ta durƙusa gaban rawanin. Ba ta duba da ido ba, don idon ba shi da yawa. Hannu ta sa. Ta matsa shi, ta ja shi, ta naɗe shi a tafinta ta danna, ta saki ya taso. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da hula ta ajiye a gefensa. Wannan hular ta fi duk 'yan'uwanta: tana da tsini tana da kunne.

"Sule, ɗan nan, ga ɗan abin banzana, in ba a raina ba. Ni na tsufa, kunyata ta ƙare."

Malam Sulemanu ya dubi hular, ya dubi fensirin Rahab. Wajibi ne ya kushe nasa ya yabi nata. Daga ƙarshe ya ce, "Iya, hular tana da... zare." Matta ta yi maza ta ce an yarda, wannan ma yabo ne. Ya ɗauki hula, Iya Kulu ta ɗauki rawani, Rahab ta rufe littafi.

Kafin a naɗe tabarma ya dawo cikin hayyacinsa. Ya miƙe ya bayyana wa jama'a cewa abin da suka gani darasi ne. Sai wanda ya daɗe a duniya yake gane abu mai daraja. Ya ce shi tun farko ya lura Iya Kulu tana da basira, shi ya sa yake yawan dubanta.

Ranar kasuwar Kafur yana tsaye a bakin hanya da wani sabon malamin makaranta da aka turo garin, yana ba shi labarin yadda aka yi rububin aikinsa har sai da aka bar wa mafi tsufa. Sai ga ayarin mata sun taho daga rijiya. Iya Kulu tana gaba, tulu a kanta, tana tafiya kamar budurwa. A ƙarƙashin tulun, an naɗe shi tsaf zagaye-zagaye, ga ja ga kore ga ruwan ɗorawa, tuntu biyu suna lilo a gefen kunnenta.

Ta tsaya da ta ji muryarsa.

"Sule, Allah ya yi maka albarka. Shekara sittin ina ɗaukar ruwa, ban taɓa samun gammo irin wannan ba. Tsakar kaina har ta manta da tulu. Da ka faɗa tun farko abin da ake yi da shi, ai da ba ka wahala ba."

Malamin makaranta ya sami wani abu a ƙasa da yake bukatar kallo. Malam Sulemanu ya yi gyaran murya ya ce a Ingila ma akwai masu yin haka, a wasu unguwanni.

Labari ya riga tulun isa gida. Kowace mace ta roƙi aro ta gwada, har na cikin kulle, waɗanda ba sa zuwa rijiya, suka ce a kawo su taɓa. Yanzu kuwa an san darajar abin, an san kuma daidai da me yake. Gammo ba ya fin ƙarfin kowa.

A musayar ƙarshe kafin ruwa, Malam Sulemanu ya zo da sabon rawanin wuya da bai ko gama ba. Bai kai ga buɗe baki ba aka jera abu bakwai a gefensa: safa biyu, faifai, mafici, ludayi, da sauransu. Babu wanda ya taɓa samun bakwai a gindin ɗorawar nan. Ya miƙe, idonsa har ya kawo ruwa. Ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda haske yakan daɗe kafin ya shiga ƙauye, amma in ya shiga ya shiga. Ya yi alkawarin kowace za ta sami nata kafin kaka. Sannan ya buɗe jakar ulu ya baje launuka a cinyarsa, ya ce su matso ɗaya bayan ɗaya, zai duba hasken fatar kowace ya zaɓa mata abin da zai yi magana da ita, don launi ba abin wasa ba ne.

Yunis ta ce kada shugaba ya wahalar da kansa. Kowanne ma ya yi, ai tulu zai rufe shi.